Ranar da Yaji Ya Shiga Idon Auta

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidan nan, kuma wanda ya fi kowa yi mata hidima shi ne babban ɗana. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, amma takarda ba ta jin kunya: Bashir. Duk ranar Sallah, da an ci an sha an miƙe ƙafa, sai ya gyara murya ya tara jikokina, ya ce musu wai kakansu da gangan ya sa wa Auta yaji a ido don kada ya tafi ya bar shi da tukubar tsire. Yara su yi ta ƙyaƙyatawa, ni ma in taya su, domin ba na iya musu idan na ƙoshi. To bara sai na ji wata jikanyata tana ba ƙawarta labarin, babu dariya ko kaɗan a fuskarta. A nan na gane wasa ya fara zama tarihi. Shi ya sa zan faɗa muku, ku jikokina, yadda aka yi. Ku kuma riƙe cewa mai ba ku labarin can bai ma je wurin ba, ranar yana filin jirgi yana fama da jakunkunan masu Umra.

Sai kun san tukubar kafin ku san nauyin maganar. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, da ƙafa ya baro ƙasar Hausa, ya ratso Chadi da Sudan, ya sauke farali, ya zo ziyara Madina, ya ce shi kam ya iso gida. A wani lungu na unguwar Anbariyya ya kafa tukubarsa. Larabawa bakinsu bai iya cewa tsire ba, suka mayar da shi siriye, kuma da wannan sunan suka yi ta bin layi a gabansa. A hannunsa na koyi yanka nama falle-falle, na koyi haɗin garin ƙuli da citta da masoro da kanumfari, na koyi auna wuta da bayan hannuna. Shekara arba'in na yi a tsaye a inda ya tsaya. 'Ya'yana maza uku ne. Bashir ya tafi aikin filin jirgi, mai bi masa ya shige ofis ya koyi zama a kujera mai juyawa. Ban ce musu uffan ba, domin ina da wanda na ɓoye wa kaina, wato Auta, Anas. Shi Allah ya ba hannu. Tun yana ƙarami in ya tsira nama a tsinke sai ka rantse Baba ne ya dawo. Ban taɓa tambayarsa ko yana son sana'ar ba, a wurina magana ce da aka riga aka gama.

Ƙoƙarinsa a karatu ne ya jawo mini abin da ban nema ba. Ya ci jarrabawa, aka ba shi gurbi kyauta a wata babbar sakandare da ke hanyar filin jirgi, irin wadda ake kai yara a mota mai baƙin gilashi. A can ya haɗu da wani malamin motsa jiki da ya yi karatu a waje, ya dawo da wani wasa wai shi besbol. Ni ƙwallo ɗaya na sani, wadda ake bugawa da ƙafa. Wannan kuwa ba ta wuce girman lemo ba, ga tauri. Wani ya jefo, wani ya kai mata duka da kulki, sai a hau gudu. Anas shi ne mai jifa. Ya fara dawowa gida da wata safar hannu ta fata, faffaɗa kamar faifai, yana shafa mata mai yana lallaɓa ta. Bangon saman gidanmu ya sha jifa har siminti ya ɓare. Na yi ta cewa yarinta ce, za ta wuce.

A shekararsa ta ƙarshe aka ce za a tara zaratan 'yan wasa na manyan makarantun yankin a filin makarantarsu, rana ɗaya tak. Alƙalai za su zo daga nesa su zaɓi 'yan kaɗan, a kai su wata makarantar horo ta kwana a gabashin ƙasar, can bakin teku, tafiyar yini guda a mota. Amma ko an zaɓi yaro, ba zai tafi ba sai da sa hannun ubansa. Ya kawo mini takardar da hannu biyu. Na karɓa, na ce zan duba, na ɗora ta a kan firji.

Kakarku, Hajiya Rakiya, ba ta ɗaga murya, amma ban taɓa ganin ta fara yaƙi ta fasa ba. Takardar nan, ko waraga kamar yadda muke cewa a nan, ta fara yawo a gida. In ɗaga kofin shayi, in same ta a ƙarƙashi. In warware darduma zan yi salla, ta faɗo. Ranar da na tarar da ita a ninke cikin hulata ne haƙurina ya ƙare.

"Hajiya, waragar nan ƙafa gare ta?"

"Ni ma mamaki nake, Malam. Ƙila biro take nema."

"In ya tafi, wa zai riƙe tukuba?"

"Da Baba ya taho, wa ya riƙe wa nasa uban gona? Kalas, ni ban ce ka sa hannu ba. Je ka gani da idonka, bas. Yaron nan shekara uku yana jifa, ko sau ɗaya ba ka je ka ce mashallah ba. Aibi ne wallahi."

Maganar gonar ta soke ni, amma na sha mur na fita. Ranar taron Asabar ce, lokacin sanyi. Ina dawowa daga sallar asuba na hura gawayi, domin ni ban iya zuwa taro hannu Rabbana ba. Tsinke sittin na gasa, na naɗe a takarda, na jera a kula, na sa robar yaji daban. Hajiya ta ce ita ba za ta je ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. A bakin ƙofa ta kaɗe mini aljihun jallabiya wai ƙura ta gani. Sai da na shiga tasi na ji motsin takarda a ƙirjina, har da biro.

Filin kam ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ciyawa shar, an yi mata aski daidai, yara cikin fararen kaya da huluna masu baki, iyaye a jere a kan benci. Bayan wata raga mutum uku suna zaune a tebur, ɗaya riƙe da wata na'ura mai auna gudun ƙwallo. Su ne alƙalan. Na samu wuri kusa da wani ƙosasshen Balarabe, wanda kafin ya tambayi sunana ya buɗe mini kwalin dabino. Abu Salim ke nan, manomin dabino daga Badar. Ɗansa Salim shi ne wanda ke tsugunawa da ƙarfe a fuska yana cafe abin da mai jifa ya jefo. Da ya ji ni ne uban Anas sai ya rungume ni kamar mun haɗa kaka, ya ce tafin hannun ɗansa kullum a kumbure yake saboda jifan nawa ɗan. Shi ya yi ta fassara mini wasan, duk da na lura rabin bayaninsa shi ma ƙirƙira yake.

Da gwajin gudu da na duka aka fara, aka ce masu jifa sai rana ta ɗaga. Ni kuwa ban taɓa iya wuce rumfar abinci ban leƙa ba, ga su nan jere a jikin katanga. Na ja Abu Salim muka fara daga farko. Wata 'yar'uwarmu daga Chadi tana sayar da balila, ƙwayar hummus, wani irin wake, dafaffiya har ta yi laushi, an zuba mata tsami da kokwamba da ɗan barkono. Ta iya, na gaya mata ta iya. Mai mutabbaƙ ya burge ni da yadda yake wulwula ƙullu a iska har ana hango rana ta cikinsa, ya zuba ƙwai da niƙaƙƙen nama da ganyen albasa, ya ninke, ya yanka gida-gida. Gishirinsa ya ɗan yi kaɗan, amma na yafe masa. Muka wuce wurin mai ma'asub, wanda ke kirɓa ayaba da gurasa ya malala zuma da madara. Abu Salim ya ci kwano ɗaya da rabi, rabin nawa ne. Muka kora da shayi mai na'ana'ar Madina, wadda har yau ban sha mai ƙamshinta a ko'ina ba. Zuwa lokacin na manta da fushin da na fito da shi, har ina tafa wa 'ya'yan mutane ba tare da na san abin da suka yi ba.

Rumfar ƙarshe ce ta ɓata komai. An kafa babban allo an rubuta siriye, da murhun lantarki a ciki. Na saya don in ga gudun ruwansu. Nama guntu-guntu kamar za a yi miya, an birkiɗa shi a wani gari mai rawaya wanda bai taɓa haɗa hanya da ƙuli ba. Na tauna, na tauna, na rasa inda zan kai shi. Abu Salim kuwa sai lashe yatsa yake yana cewa ya yi daɗi.

"Ya Abu Salim," na ce masa da Larabci, "in wannan ne siriye, to ubana a banza ya taka Sudan. Zo mu koma."

Ina buɗe kular nan ƙamshi ya tashi, kawuna suka fara juyowa. Abu Salim ya kai loma ɗaya, ya rufe ido, ya ce astagfirullah, ashe duk rayuwarsa yaudararsa ake yi. Iyaye suka matso, yaran da suka gama gwajinsu suka zo jikin wayar da ta kewaye filin suna miƙo hannu. Ina rabawa ina barbaɗa yaji, kaina ya kumbura, ji nake yau na nuna wa 'ya'yan masu baƙin gilashi ko ɗan waye Anas. Can na hango shi yana motsa kafaɗa a gefen fili. Na tuna tun safe bai sa komai a cikinsa ba, na ƙwala masa kira. Ya zo a guje. Kamar yawancinku, yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa.

"Abuya, ba'adain, sai an jima. Yanzu za a kira ni."

"Kowa ya ci na ubanka sai kai? Karɓi."

Na zare naman daga tsinke a kan takarda, na ƙara masa mai, na zuba yaji ba tausayi, yadda yake so a gida. Ya cire safar nan ya maƙale a hammata, ya miƙo hannun hagu. Ban san lokacin da na make hannun ba.

"Da hagu? A gaban mutane? Haka aka koya maka a gidanmu?"

Ya dube ni, ya dubi hannunsa na dama.

"Tayyib, Abuya."

Ya sa dama ya ci. Yana cikin tauna aka kira sunansa a lasifika, ya goge yatsunsa a wando ya ruga. Wallahi, kuma ina rubuta wannan ina sane da cewa na kusa tarar da Ubangijina, ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa safar tana zama a hagu ne don dama ta zauna tsirara ta riƙe ƙwallo. Shekara uku yana jifa a saman kaina, ban taɓa hawa na kalla ba, ina zan sani?

Ya hau ɗan tudun da ke tsakiyar fili. Jifan farko ya suɓuce ya wuce ta saman kan Salim ya daki raga. Na biyu ya faɗi ƙasa tun kafin ya isa. Rana ta riga ta ɗaga, sai na ga ya kai yatsunsa ya share gumin girarsa. Daga nan ya fara ƙifta ido. Na uku da na huɗu ko kusa da inda ake so ba su je ba, mai kulki ya ajiye kulkinsa ya taka a hankali zuwa gaba, Abu Salim ya ce mini kyauta aka ba shi. Alƙali ɗaya ya yi ɗan rubutu, ɗaya ya ajiye biro ya ɗauki wayarsa.

Ga abin da Bashir bai sani ba, kuma ya fi abin da yake faɗa muni. A daidai wannan lokacin na ji daɗi. Na ɗan lokaci ne, bai wuce numfashi biyu ko uku ba, amma na ji shi. Zuciyata ta ce shi ke nan, ba ni na hana ba, su suka ƙi shi, jibi yana gefena a tukuba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har kakarku.

Sai malaminsa ya taka zuwa tudun yana tambayarsa ko lafiya. Daga inda nake ina ganin hawaye na zuba daga ido ɗaya, ina ganin jan tabo a farin wandonsa. Na dubi yatsuna, ja wur. Nan take na gane abin da na yi. Na jira ya nuna ni, ko ya waiwayo ya harare ni. Bai yi ba. Girgiza kai kawai ya yi wa malamin, ya sake karɓar ƙwallo zai jefa da ido ɗaya. Kunya ta rufe ni.

Duk mai tsire ya san maganin yaji a ido, domin babu wanda bai sha shi ba. Na zabura zuwa rumfar mai ma'asub na fizgi gorar madara mai sanyi, na wawuri lemon tsami a teburin 'yar Chadi, na nufi ƙofar fili. Mai gadi yana ihu, "Ya hajj, mamnu'u!" Na tattare jallabiya na keta ciyawar nan a guje, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya, ban koma ta kansa ba. Wasa ya tsaya cak. Na kama kan Auta na karkatar, na tsiyaya masa madara a ido kamar yadda Baba ya sha yi mini. Na matse lemo a yatsunsa na dirje su ɗaya bayan ɗaya da gefen rigata. Ɗaruruwan mutane suna kallo, wasu na dariya. Sai na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa, kuma da Hausa.

"Baba, ka koma ka zauna. Ba komai. Ni ne ban wanke hannu ba."

Na yi shekaru ina jiran in ji cikakkiyar Hausa a bakin yaron nan. Da ta zo, ƙarya ce ya yi don ya rufa mini asiri. Ban koma benci ba. Na wuce teburin alƙalai da takalmi ɗaya, na gaya musu ni mai siriye ne daga Anbariyya, yaron ya miƙo hagu don ya tsare hannun jifansa, ni na tilasta shi ya ci da dama. Na ce in akwai wanda za a kayar yau, ni ne. Babbansu, wani mai furfura, ya saurare ni har na gama, sannan ya buɗe fayil ɗin da ke gabansa.

"Ya ammi, mun ji. Amma kowa sau ɗaya yake hawa. Kuma ɗan naka shi kaɗai ne babu takardar ubansa a nan. Don me za mu karya tsari saboda yaron da ko mun zaɓe shi ba zai tafi ba?"

Babu wanda ya matsa mini. Da na ce to, na juya, da maganar ta mutu a nan, kuma kowa zai ce na yi iya ƙoƙarina. Na tsaya ina jin takardar a ƙirjina. Na tuna Baba tsaye a cikin hayaƙi, na tuna lungun nan da babu wanda zai buɗe shi bayana. Na zaro ta na shimfiɗa a teburinsu, na sa hannu da biron Hajiya. Babban yatsana ya bar jan tabo a gefen sunan. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, sannan mai furfura ya ce in kowa ya gama, kafin kiran azahar, za a ba shi jifa goma.

Ban san lissafin wasan nan ba har gobe, amma na san ƙarar abu in ya zauna daidai. Ƙwallon nan tana faɗawa safar Salim sai ka ji tas, har cikin haƙori. Idon Auta ja kamar garwashi, amma hannun ya dawo. Mai kulki ya kai duka uku duk iska ya daka. Abu Salim ya miƙe yana ihu yana dukan bayana har na ƙware. A jifa na bakwai mai na'ura ya karkata ta ya nuna wa na kusa da shi, wanda ya ajiye waya ya koma neman bironsa. Ni ma na tsinci kaina a tsaye ina cewa mashallah da ƙarfi, shekara uku a makare. Kuma kada wani ya ƙara muku da cewa da tsire na sayi alƙalai. Sai da suka kira sunayen waɗanda aka zaɓa, da na Anas a ciki, suka rufe fayil, sannan mai furfura ya leƙo ya tambaya ko akwai saura a kula. Tsinke huɗu ne suka rage, ya cinye uku, ya tambayi kwatancen lungunmu.

Da na koma gida Hajiya ta dubi ƙafata, ta dubi rigata da ta sha madara, ta laluba aljihu ta ji wayam. Sai ta shiga kicin tana share ido, wai albasa ce.

Bayan Sallah ya tafi. Na ci gaba da tukuba ni kaɗai shekara huɗu, har gwiwoyina suka ce sun gaji. Ranar da na rufe, da kaina na ɗauko ragar ƙarfen Baba na hau da ita saman gida, tana nan jingine da bangon da Auta ya ɓare da jifa. Lungun yanzu shagon kayan waya ne. In zan tafi Harami ta wata hanya nake bi, domin har yau ban iya wucewa ta gabansa ba. Wannan zafin bai tafi ba, kuma ba zan ce muku ya tafi ba.

Anas yana can gabas yana koya wa 'ya'yan mutane jifa. In ya zo hutu sai na hau sama na hura masa gawayi a ragar kakansa, kuma duk lokacin da na miƙa masa sai ya fara miƙo hagu yana dariya, ni kuma sai na make ta. In zai koma, robar yaji ce farkon abin da yake sawa a jaka.

To ga gaskiyar magana, ku kai wa Bashir. Yajin kuskure ne, na tsohon da bai taɓa hawa sama ya kalli ɗansa ba. Abin da na yi da gangan a ranar nan ɗaya ne, sa hannun, kuma na san abin da nake rufewa lokacin da na sa shi.